Tambaya da Amsa: An Sa Sabuwar Boila, Ruwan Ɗumama Gida Ya Juya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam Injiniya. Da fatan kana lafiya, da kai da iyali. Ina rubuto maka ne daga Bradford a Ingila. Gidanmu tsohon gini ne, irin jerin gidajen nan da ke manne da juna, ɗakuna uku a sama. A watan Oktoba aka cire mana tsohuwar boilar da ke bayan murhun falo, aka kafa sabuwa a kicin irin ta kombi, wato mai ɗumama gida ta kuma ba da ruwan zafi a famfo ba tare da tanki ba. Ruwan wanka lafiya lau, gida ma yana ɗumi. Amma tun daga ranar, in aka yi kamar awa guda da kunnawa, sai radiyetocin sama su kama bugawa, dum-dum-dum, har yara su farka. Maigidana ya lura ƙafar radiyetar da a da take fara zafi yanzu ita ce ke zuwa daga baya. Ga kuma doguwar radiyetar da muka sa a bakin ƙofar shigowa, rabinta zafi rabinta sanyi, alhali da ba haka take ba. Mun kira wanda ya yi aikin, ya ce ruwa ko ta ina ya shiga duk ɗaya ne, mu yi haƙuri ƙarar za ta daina da kanta. Gaskiya ya faɗa mana?

Wata uwargida, Bradford

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka wa maigida da alheri, domin abin da ya lura da shi da tafin hannunsa shi ne rabin binciken da zan yi da na zo gidan. Mai aikinku ya faɗi gaskiya a kan abu ɗaya, ya yi shiru a kan sauran. Radiyeta ta ƙarfe mai faɗi, irin wadda ke ƙarƙashin taga a yawancin gidajen Ingila, ba ruwanta da ta inda ruwa ya shigo mata. Ya shigo ta dama ko ta hagu, ruwan zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, zai hau sama ya bazu, ya huce, ya sauko ya fita ta ɗaya ƙafar. Amma ba radiyeta kaɗai ke kan layin ba. Akwai kayayyakin da masana'anta suka zana wa kibiya a jiki, kuma duk abin da aka zana wa kibiya yana da gaba yana da baya. Ƙarar nan ba za ta daina da kanta ba.

Bari in fara da yadda abin ya faru, don ki san abin da za ki ce masa. Bututu biyu ne ke zagaya gidanku a ƙarƙashin katakon daɓe. Ɗaya yana ɗauke da ruwan zafi daga boila, shi ne na fita. Ɗayan yana dawo da ruwan da ya huce, shi ne na dawowa. Kowace radiyeta ƙafarta ɗaya na kan wannan, ɗayar na kan wancan. Su biyun jan ƙarfe ne, kaurinsu ɗaya, yawanci milimita 22 a babban layi sannan 15 a rassan da ke zuwa radiyeta, kuma babu rubutu a jikinsu. Tsohuwar boilarku tana falo, sabuwa tana kicin. Ke nan mai aiki ya ɗaga katako a wani wuri, ya tarar da bututu biyu masu kama da juna, ruwa kuma an riga an zubar, komai ya yi sanyi, ya yanka ya haɗa. In bai sa musu alama ba tun tsohuwar na aiki, to canki-canka ya yi. Abin da ake yi kafin a taɓa komai shi ne a kunna tsohuwar boila daga sanyi, a riƙe bututun biyu, a naɗa jan tef a wanda ya fara zafi. Aikin minti biyar ne. Irin wannan sauyin, daga boilar bayan murhu zuwa kombi a wani ɗaki, shi ne inda na fi cin karo da layin da aka juya.

Ki kwantar da hankalinki a kan ita boilar. Injin tura ruwanta yana cikinta, kuma hanya ɗaya yake turawa. Ruwa yana fita ta bakinta na fita, yana dawowa ta bakinta na dawowa, ko yaya aka haɗa gidan. Ba ta lalace ba, ba kuma wani haɗarin gas a cikin wannan magana. Abin da ya juya shi ne tafiyar ruwan a cikin gida.

Yanzu ga ƙarar. Ki duba radiyetar ɗakin yara. A ƙafa ɗaya akwai bawul mai babban kai na roba da lambobi daga 1 zuwa 5. A ɗayar akwai ƙaramin bawul da aka rufe da hula. Mai lambobin shi ne ke bugawa. A cikin kansa akwai kakin da ke kumbura in iskar ɗaki ta yi ɗumi. In ya kumbura sai ya danna wani siririn ƙarfe ƙasa, ƙarfen ya tura 'yar roba zuwa bakin ramin da ruwa ke bi. In ɗaki ya huce, kakin ya tsuke, sifirin ya ɗaga robar, ruwa ya wuce. Lamba 3 a yawancinsu tana nufin wajen digiri 20. Tsofaffin bawul an ƙera su ne don ruwa ya zo ta ƙarƙashin robar, yana tokare ta tana saukowa, saboda haka rufewar takan zo a hankali, ba a jin komai. In ruwan ya zo ta bayanta, da zarar ta kusa ramin sai ya fizge ta ya maka, kamar yadda iskar hadari ke buga ƙofar langa-langa da aka bari a buɗe kaɗan. Ruwa ya tsaya cak, sifirin ya sake ɗaga ta, ruwa ya sake maka ta. Haka zai yi ta yi sau da yawa cikin daƙiƙa, bututun kuma ya ɗauki bugun ya rarraba wa gida duka. Shi ya sa ba kwa jin ƙarar da farko. A awar farko ɗaki na da sanyi, bawul a buɗe yake gaba ɗaya. Sai ɗaki ya kusa ɗumin da aka nema robar ke kusantar ramin. Ɗakunan kwana ƙanana ne, ƙofa a rufe, su ke fara kaiwa, shi ya sa na sama suka fi damun ku.

Akwai gwajin da za ki yi yau da dare ba tare da kayan aiki ba. In bugun ya fara, ki bi ɗaki-ɗaki ki murɗa kan bawul zuwa 5. Wanda kika murɗa ƙarar ta ɗauke nan take, shi ne. In kin murɗa duka ba ta daina ba, to wata ƙara ce daban, kuma yana da kyau a rarrabe su. Ƙas-ƙas a hankali lokacin da gida ke ɗaukar zafi ko yake hucewa, bututu ne ke miƙewa yana gogar katako. Ƙulu-ƙulu iska ce a cikin layi. Fito ko shuuu a bakin bawul alama ce injin sabuwar boila ya fi ƙarfin 'yan radiyetocin da suka rage a buɗe, wannan kuma a saitin injin ko a bawul ɗin kewaye, wanda ke ba ruwa wata hanya in radiyetoci sun rufe, ake gyara shi. Abin da kika kwatanta bai yi kama da ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Bayan haka ina so ku yi aiki ɗaya ke da maigida da safe, kafin a kunna komai. Ku ɗauki takarda ku rubuta sunan kowane ɗaki. Ku buɗe dukkan bawul zuwa 5, ku kunna. Ɗayanku ya tsaya a sama ɗaya a ƙasa, kuna taɓa ƙafafun kowace radiyeta, kuna rubuta wadda ta fara ɗumi: ta wajen mai lambobi ko ta wajen mai hula. Ku yi sauri, domin bayan minti goma duka biyun za su yi zafi, hannu ba zai iya bambancewa ba. Sannan ku haska fitilar waya a jikin ƙarfen bawul mai lambobi, ƙasa da kan robar. Za ku ga kibiya, wani lokaci fenti ya ɗan rufe ta. In kibiya ɗaya ce mai kai ɗaya, tana nuna cikin radiyeta, to dole ƙafarta ce za ta fara zafi. In kibiya mai kai biyu ce, ko kibau biyu masu saɓani, wannan bawul yana karɓar ruwa ta kowane gefe, ba shi da matsala. Yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu irin wannan ne, kuma daga nan ne masu aiki da yawa suka ɗauko maganar cewa duk ɗaya ne. A gidan da komai sabo ne maganarsu tana kusa da gaskiya. Gidanku bawul ɗinsa sun girme wannan magana. Akwai kuma wani samfuri na kamfanin Danfoss, RAS-C2, da ke da zobe a ƙarƙashin kai wanda ake juyawa a zaɓi hanyar ruwa ba tare da an zubar da ko ɗigo ba. In shi ne a gidanku, kun huta.

Wannan takardar ita za ta faɗa muku irin gyaran da ya dace. In ta nuna duka ko kusan duka radiyetocin suna karɓar ruwa ta wajen mai hula, to a tushe aka juya, kuma a tushe ya kamata a gyara: a zubar da ruwa, a musanya bututun biyu a inda aka haɗa sabo da tsoho ko a ƙarƙashin boila. Ba ya kai yini. In kuwa ɗaya ko biyu ne kawai suka saɓa, sauran daidai, to tun da can wani ya haɗa waɗannan a juye, sai a canza musu bawul zuwa mai kai biyu, ko a musanya mai lambobi da mai hula. Na nace a kan takardar ne saboda tsohon gida hannaye da yawa sun taɓa shi. In aka musanya a tushe ba a duba ba, ana iya kashe ƙara a sama a tayar da ita a ƙasa.

Mai aikin zai iya ce muku ya fi sauƙi ya canza bawul ukun da ke ƙara ya bar layin yadda yake. A gidan da ba shi da komai sai radiyetoci masu faɗi, ba zan yi musu da shi ba, gyara ne karɓaɓɓe. A gidanku ban yarda ba, saboda doguwar radiyetar bakin ƙofa. Da yawa daga cikin dogayen nan suna da wani ɗan shinge a cikin bututunsu na ƙasa, kusa da gefen da aka tsara ruwa ya shiga. Aikinsa ya hana ruwan zafi wucewa kai tsaye ta ƙasa ya fita, ya tilasta masa hawa sama sannan ya sauko ta sauran sandunan. In ruwa ya shigo ta ɗaya gefen, ba ya bin hanyar da aka shirya masa, sai wasu sanduna su yi zafi wasu su tsaya da sanyi. Tunda kin ce da tana aiki lafiya, kuma ta lalace rana ɗaya da sauran, ita ce babbar shaidarki. Canza bawul ba zai gyara ta ba.

Sai abu na gaba da nake so a tabbatar, saboda shekarun gidan. Wasu gidajen da aka sa wa ɗumama a shekarun 1960 da 1970 bututu ɗaya ne ke zagaya su, kowace radiyeta ƙafafunta biyu na kan wannan bututun. Ruwa yana barin ta farko ya ɗan huce, ya je ta biyu, haka har ta ƙarshe. Masu aikin wancan zamani sun san da haka, sukan ƙara girman na ƙarshe don su rama. In aka juya irin wannan layin, babbar radiyeta ta koma farko ta kwashe zafin, ƙaramar da aka auna da ruwa mafi zafi ta koma ƙarshe, ɗakinta ya ƙi ɗumi. Alamarsa ita ce radiyetoci suna ɗaukar zafi bi da bi, kowace ba ta kai ta gabanta ba. Kin ce gida yana ɗumi, saboda haka ina kyautata zaton naku mai bututu biyu ne, amma in an ɗaga katako a leƙa.

Ki kuma durƙusa ki duba ƙarƙashin boilar. A yawancin kombi da ake kafawa a nan, irin su Worcester Bosch da Vaillant, bututu biyar ne a jere, daga hagu: fitar ruwan ɗumama, ruwan zafi na famfo, gas a tsakiya, shigar ruwan sanyi, sai dawowar ruwan ɗumama a dama. Littafin boilar zai tabbatar miki da naku. Ya kamata ki ga wata baƙar gwangwani a kan ɗaya daga cikinsu. Matatar maganaɗisu ce, tana kama baƙar lakar tsatsa da ke fitowa daga tsofaffin radiyetoci. Wurinta a kan na dawowa ne, dab da boila, don ta tare dattin kafin ya shiga. In kin same ta a kan wanda ya fara zafi, wannan ma a gyara. Tsohon layi irin naku, da ya shekara da shekaru yana shan iska ta tankin saman rufi, ba ya rasa laka, kuma hanyoyin ruwa a cikin sabuwar boila sirara ne ƙwarai.

Game da yadda za ki tunkari mai aikin. Na san halinmu. Yawancinmu ba mu tashi da waɗannan kaya a gida ba, a nan muka same su, saboda haka in mai aiki ya yi magana da ƙarfin gwiwa sai mu ji nauyin ja da shi, mu ce wataƙila mu ne ba mu gane ba. Wannan abin yana ci mini rai, domin kuɗin boila ba ƙaramin kuɗi ba ne, iyali kan daɗe suna tara shi. Dokar kare masu saye ta 2015 ta ce duk wanda ya yi maka aiki don kuɗi dole ya yi shi da kulawa da ƙwarewa, in bai yi ba kana da haƙƙin ya dawo ya sake ba tare da ka ƙara ko kwabo ba. Ki rubuta masa saƙo, kada ki tsaya a waya. Ki ce kafin aikinsa babu ƙara, ga jerin ɗakuna da ƙafar da ke fara zafi, ga hoton kibiyar da ke jikin bawul, ga doguwar radiyetar da ta daina aiki, kina so ya zo ya mayar da fita da dawowa yadda suke. Ba faɗa, ba zargi. Mai aikin kirki in ya ga wannan takarda ya san da wa yake magana, kuma yawanci zai zo.

In ya zo, ga abin da ya kamata ya biyo bayan musanyar. Ruwan da ya zubar ya tafi da maganin hana tsatsa, dole a zuba sabo. A cika layi har allurar agogon matsin ruwa da ke jikin boila ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 lokacin da yake da sanyi, a fitar da iska daga kowace radiyeta. Sannan a daidaita rabon ruwa da bawul masu hula: na kusa da boila a matse su, na nesa a sake su, don kada na kusa su shanye ruwan. Masu sauri suna tsallake wannan, alhali a nan ribar sabuwar boila take. Tun watan Afrilu na 2005 doka a Ingila ta ce boilar gas da za a kafa ta zama irin mai tatsar zafi daga hayaƙinta. Wannan tatsar ba ta yiwuwa sai ruwan da ke dawowa ya sauka ƙasa da wajen digiri 55. In radiyetoci ba su daidaita ba, ruwa yana wucewa da gudu ya dawo da zafinsa, boila ta ci gas fiye da yadda ya kamata. A kombi irin taku, ki gwada sa zafin ruwan ɗumama a 60, ki ga ko gida ya ishe ku. In sanyi ya tsananta a Janairu ki ɗan ƙara.

Ki duba bayan littafin boilar, akwai shafin Benchmark da mai kafawa ke cikewa, har da zafin fita da na dawowa da ya auna da sunan maganin da ya zuba. In shafin fari ne fes, garantinki na cikin haɗari, ya cike shi a gabanki. Ya kamata kuma takardar shaida ta zo muku daga Gas Safe, hukumar rajistar masu aikin gas da ta maye gurbin CORGI a 2009, bayan ya sanar da su ya kafa boila. Canza bawul ɗin radiyeta ba aikin gas ba ne, kowane ƙwararren mai gyaran famfo zai iya. Buɗe murfin boila kuwa sai mai katin Gas Safe, kuma ki juya bayan katin ki ga irin ayyukan da aka yarje masa.

Kafin ya zo, ki bar bawul masu ƙarar a kan 5, ki rage zafi ta na'urar daidaita zafi da ke bango. Ɗakunan za su fi yadda kike so ɗumi, gas zai ɗan ƙaru, amma yara za su yi barci.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Mu ba kombi aka sa mana ba, irin tsohuwar aka maye da sabuwa, tankin saman rufi da tankin ruwan zafi suna nan, an kuma canza injin tura ruwa. Yanzu in an kunna ina jin zubar ruwa a saman rufi, kuma kowane mako sai na fitar da iska daga radiyetar bene. Ruwan da ke biyo iskar baƙi ne.

Wani magidanci, Birmingham

AMSA

Alhaji, wannan ya fi na Hajiya gaggawa, duk da ba ya hana barci. A tsarinku akwai ƙaramin tanki a saman rufi da bututu biyu ke haɗa shi da layi. Ɗaya siriri ne, milimita 15, yana fita ta gindin tankin yana ciyar da layi da ruwa. Ɗayan mai kauri ne, milimita 22, ya hau ya lanƙwaso a kan tankin da baki a buɗe, shi ne hanyar tsira in ruwa ya tafasa. A ƙa'ida ba abin da ke zubowa daga bakinsa. Jerin da ake so a kan bututun fita shi ne: boila, sai mai buɗaɗɗen baki, sai mai ciyarwa, sai injin tura ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin mai buɗaɗɗen baki da mai ciyarwa kada ta wuce milimita 150. In aka sa injin a juye, ko aka juya layin har jerin ya birkice, injin zai riƙa tura ruwan zafi ya hau ya zubo cikin tankin, ko ya zuƙo iska ta wannan bakin. Ko wanne ne, ruwan layi yana shan iska sabuwa kullum, iska kuma ita ke cin ƙarfen radiyeta daga ciki. Baƙin ruwan da kake gani jikin radiyetocinka ne ke narkewa a hankali, kuma in aka bari za su fara huda ta ƙasa.

Ka duba kibiyar da ke jikin ƙarfen injin, ta nuna nesa da boila, wajen bawul mai mota, wato bawul ɗin da ƙaramin injin lantarki ke buɗewa da rufewa. In bawul ɗin mai baki uku ne, an rubuta AB a inda ruwa ke shiga, A wajen radiyetoci, B wajen tankin ruwan zafi. In duk wannan daidai ne, saura dalili biyu. Ko an bar sabon injin a gudu mafi ƙarfi, ko mahaɗar bututun ciyarwa ta toshe da laka, abin da ke yawan faruwa a daidai wannan wuri. Ka ɗora maganaɗisu a kan mahaɗar. Jan ƙarfe ba ya kama maganaɗisu, in ya manne to laka ce cunkushe a ciki, sai an yanke wurin an sa sabo. Ka hau rufin da fitila yayin da ake aiki ka gani da idonka, ka taka kan katakon ƙarfi kawai, ka taɓa ruwan tankin. In da ɗumi, ka kira mai aikin a wannan makon. Ka kuma tambaye shi ko bututun gidan za su jure a mayar da layin rufaffe, wanda ba ya shan iska, a cire ƙaramin tankin. In za su jure, ni shi nake zaɓa.

TAMBAYA

Kawu, ina gaisuwa. Haya nake a Luton. Tun da mai gidan ya canza boila, in na kunna ruwan wanka kawai, ban kunna ɗumama ba, sai radiyetocin sama su yi zafi. Da rani ma haka. Ni ke biyan gas.

Wani ɗalibi, Luton

AMSA

Ɗana, ɗayan biyu ne, kuma hannunka zai raba su. Ka fara gano ƙafar da ke fara zafi in ɗumama na aiki. Washegari daga sanyi ka kunna ruwan wanka kaɗai ka taɓa. In ƙafar nan ce dai ta fara, bawul mai mota ne ba ya rufewa sosai, ruwa na sulalewa ta cikinsa, sai a canza shi. In ɗaya ƙafar ce ta fara, ruwa ne ke tafiya da baya. Ruwan da ya fito daga tankin wanka yana kan hanyarsa ta komawa boila, sai ya sami mahaɗar da aka sa ba a wurinta ba, ya bi ta bututun dawowar wasu radiyetoci ya shiga, ya fita ta wani reshen. Ƙa'idar ita ce dawowar dukkan radiyetoci ta haɗu ta zama bututu ɗaya tukuna, sannan dawowar tankin wanka ta shigo a ƙarshe, dab da boila. In an matsar da boila an haɗa wani reshe bayan wannan wurin, abin da kake gani ke faruwa. Gyaran asali a matsar da mahaɗar. In katako ba zai ɗagu ba, a sa bawul mai hanya ɗaya a kan dawowar radiyetocin.

Kada ka kira mai gyara da kuɗinka. Sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida kula da kayan ɗumama da na ruwan zafi. Ka tura masa saƙo a rubuce da sakamakon gwajin, da ranar da abin ya fara, ka ajiye kwafi. Kafin ya turo mutum, ka rufe bawul ɗin radiyetocin saman zuwa sifili duk lokacin da ba ka bukatar ɗumi, ruwan ba zai sami hanyar zagayawa ta cikinsu ba.